Biron Auta

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinmu ya sani da Mai Biro, bayan doguwar jinya ta ciwon ƙirji. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku, ya bar ni ƙanensa, wanda muka yi shekara da shekaru muna neman abinci a shago ɗaya. An ce in rubuta wani abu a kansa. Na yi ta ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin alƙalamin ma shi ya sassaƙa shi.

Yaya, bari in yi da kai, kamar yadda na saba yi da kai kana sunkuye a kan inji ba ka ko amsa ni.

Wanda bai taɓa leƙa shagonmu ba ba zai gane abin da na rasa ba, sai na faɗi yadda muke aiki. Ni ne mai haɗi. Ina yanka akirilik, robar nan mai tauri da sheƙi, falle-falle, wani a miƙe wani a karkace. In yanko siraran tagulla ko alminiyon, in kankare su da samfefa don gam ya sami wurin kamawa, in jera launi da ƙarfe, launi da ƙarfe, in matse su, in bar su su bushe. Abin da ke fitowa wani mummunan dunƙule ne mai kusurwa huɗu, gam duk ya daskare a jikinsa, wanda muke kira bulo. Nan aikina ya tsaya. Kai ne mai juyi. Kai za ka huda bulon, ka zura masa bututu, ka ɗora shi a inji yana wulwulawa, ka riƙa aske shi da wuƙar sassaƙa har zanen da ke ɓoye a ciki ya bayyana, ya zama jikin biro.

A wannan askin ake yin ta ko a ɓata ta. Roba na da taushi, ƙarfe na da taurin kai, gam kuwa ba ya shiri da zafi. Wuƙa ta ɗan nutse fiye da ƙima, ko ƙarfen ya ɗau zafi, sai ka ji tas, aikin kwanaki ya watse a fuskarka. Kai da kunne kake aiki. Kana tsakiyar ba ni labari sai ka yi ɗif, ka karkata kai, ka janye wuƙa, ka ce wai tagulla ta fara kuka. Sau nawa ka tsayar da ni a wurinka ka ce in saurara? Na saurara, Allah Ya sani. Ban taɓa jin komai ba sai ƙarar inji. Ka yi dariya ka ce Allah Ya ba ni ido Ya hana ni kunne, kai kuma da za a bar ka da zaɓen launi, da duk bironmu sun fito kalar ƙasa. Gaskiya ka faɗa. Har rigar da za ka sa zuwa taro sai matarka ta zaɓa maka.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda na zata, kowa da abin da yake tunawa. Tsohuwar malamar nan ta zo, wadda ciwon gaɓɓai ya ƙandare wa yatsu har ta daina rubutu. Ka tuna ranar da ta fara shigowa? Ka jere mata ƙotocin wuƙaƙenka duka a kan teburi, ka ce ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har ta sami wadda hannunta bai yi mata ciwo ba. Da ta samu, ka auna kaurin, ka yi mata biro mai ƙiba haka nan. Na yi ta mita cewa ka ɓata mini zane, abin ya fito kamar muciya. Ka ce ai ba ni zan riƙe ba. Ranar gaisuwa ta fito da shi daga jaka ta nuna mini, tagullar ta dushe saboda yawan riƙo.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ma ya zo, shi da ya fi kowa ƙorafi a kanka. Tarkacen askin akirilik siraran zare ne masu maƙalewa, iska na kwasar su ta kai su kan yadin mutane, ga warin roba. Ya sha shigowa yana kumfar baki. Ba ka taɓa mayar masa da magana ba. Sai kawai ka ɗauki tsintsiya, kullum kafin mu rufe ka share ƙofarsa kafin tamu, har abin ya dame shi ya dawo yana roƙonka ka bari. Ba ka bari ba. Shi ya fi kowa kuka a ƙofar gida, har sai da aka riƙe shi.

Ba zan ce ba ka da aibi ba, don ka san ba zan iya ba. Ba ka taɓa gama aiki ranar da ka yi alkawari ba. Rabin yini kana wasa wuƙa, mai kaya na zaune yana hamma. Ga taurin kai. Na saya maka abin rufe hanci ya fi a ƙirga, ka rataye su a ƙusa, ka ce suna hana ka ji. Na ce da hanci kake ji? Ka ce e. Mun yi faɗa a kan wannan har muka yi kwanaki ba ma gaisawa sai da ido. Likitoci ba su ce ƙurar ce ta kai ka ba, ni ma ban ce ba, ajali ne. Amma har yau in na ga ƙusar nan raina ɓaci yake, kuma ban san da wa zan yi faɗan ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni. Autarka, tun tana 'yar makaranta take tsokanarka: "Baba, gari ya cika da bironka, ni kuwa da na kanti nake rubuta jarrabawa." Kai kuma amsarka ɗaya ce: "Naki sai na iya, Auta." Ta girma, ta gama karatu, ta zama malama, amsar ba ta canza ba. Mun ɗauke ta wasa. Ashe har cikin ranka kake nufi.

Da jiki ya fara ƙi, wata safiya ka shigo shago kana numfashi sama-sama, ka ce in tashi daga teburina. Ban taɓa ganin ka taɓa gam ba sai ranar. Ka ƙi in zaɓa maka launi, ka ƙi in riƙe maka ko falle ɗaya, ka kore ni waje wurin tela. Kwanaki ka yi kana wannan haɗin. Da ya bushe ka yanka shi gida uku, yadda muke yi kullum in aiki na da muhimmanci, don in ɗaya ya fashe a sami madadi. Ka jera su a kan kanta ka ce in ka ɗan ji sauƙi za ka juya. Daga nan asibiti aka wuce da kai.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Auta ta same ni a shago. Ta daɗe tana kallon bulo ukun nan, sannan ta ce, "Baffa, kai za ka ƙarasa mini." Na ce mata ban iya ba. Ta ce, "To wa ya iya?" Na ɗauki ɗaya na kai wa wani kafinta da ke juya ƙafafun tebur. Ya jujjuya shi a hannu, ya ga layukan ƙarfe, ya miƙo mini ya ce shi ba zai ɗauki alhakin marainiya ba. Babu wani mai irin aikin nan a iya inda na sani.

Na gwada hannuna a kan bulo na kaina tukuna, na fasa da yawa, na fitar da guda biyu da za a iya kallo, sai na ga kamar na kama hanya. Na farkon naka ukun a wurin huda ya tafi. Na yi yadda kake yi, in huda kaɗan in zare in jira ya huce, amma ban jira yadda kake jira ba, gam ya saki, bulon ya rabe biyu. Na biyu ya hudu lafiya, ya hau inji, kusurwoyinsa ba su gama faɗuwa ba wuƙa ta cije a kan tagulla. Duk biyun na kira Auta na nuna mata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta ta ɗauki na ukun haka nan ta adana, ko ba komai hannunka ne ya haɗa shi. Ta girgiza kai ta ce, "Baffa, ba bulo ya yi mini alkawari ba."

Ran da na ɗora na ƙarshe tana tsaye a bayana. Na wasa wuƙa har na gaji da wasawa. Na riƙa aske shi siriri-siriri, ina tsayawa ina taɓawa da bayan yatsa in ji ko ya yi ɗumi. Gam ɗin waje ya tafi, kusurwa ta tafi, abin ya zama zagayayye. Na kashe inji don in huta, na goge shi da ɗanyen tsumma, sai muka gani.

Yaya, ashe ƙarya kake mini duk shekarun nan da kake cewa ba ka iya zaɓen launi ba. Shuɗi ne mai duhu da fari, da zaren tagulla biyu suna nannaɗe juna daga sama har ƙasa, ba inda suka kauce ko da gashin kai. Ni da nake tinƙaho da ido ban taɓa haɗa irinsa ba. Auta ta sa hannu ta juya shi a hankali, ta sake juyawa, hawaye na zuba ba ta share ba.

Saura kawai in rage kaurin bakinsa don ya dace da kan biron, wurin da ya fi ko'ina siranta. Na tsaya. Ta ce, "Ci gaba, Baffa." Na kunna, na karkata kai yadda kake yi, na saurara da duk abin da Allah Ya ba ni. Ƙarar inji kawai na ji, sai tas.

Auta ta durƙusa tana tsintar guntaye daga cikin shara tana zubawa a gefen mayafinta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na dai gani, Baffa. Ai ya iya." Ta yi nufin ta sanyaya mini zuciya ne, amma ba ta sanyaya ba. Abu ɗaya ka bar wa yarinyar nan da hannunka, ya bi ta hannuna ya ƙare. Tun ranar ban buɗe gwangwanin gam ba. In na haɗa, wa zai juya? Da safe nakan zo in buɗe shagon in zauna, tela ya leƙo mu gaisa, in yamma ta yi in rufe.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk alherin da aka rubuta da abin da hannunsa ya yi, Ka sa masa rabo a ciki. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi jinyarsa ba ta taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yansa maza biyu, da dangi da maƙwabta. Ke kuma Auta, Allah Ya ba ki haƙurin da ni na kasa samu, Ya mayar miki da abin da ya fi wanda ya salwanta a hannun baffanki. Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.