Juma'ar Fasto Barmo a Garkar Albasa

Barmo ya iso garinmu a bayan moto, wato babur, da akwati ɗaya, da matarsa Asiya mai tsohon ciki. Ɗan Urno ne, shekararsa ashirin da bakwai, ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka turo shi ya riƙe majami'ar nan ta bakin fadama. Gida tara ne kaf masu zuwa. Baikon da suke kawo wa majami'a damin gero ne da kaka, wani lokaci ƙwai, in an yi sa'a kaza.

Ni na ba su ɗaki biyu a gidana. Musulma ce ni, ba ruwana da wa'azinsa, amma katanga ɗaya ta raba mu, kuma ina ji in turmin maƙwabciya ya yi shiru. Kafin rani ya raba, na Asiya ya yi.

Ita ba ta da kwana-kwana. Ta ce masa ko ya sami sana'a a nan, ko ya bi sauran maza cin rani Abijan, a sa wa majami'a kwaɗo. Barmo bai son tafiya. Ya yi wata uku yana zuwa Madawa wurin wani makanike, ya koyo gyaran injin ban ruwa, ya dawo ya shimfiɗa buhu a gindin iccen bedin ƙofar gidana. Hannunsa na da kyau. Yana jin tarin inji daga nesa zai ce buji ne ya ƙi ba da wuta ko datti a esans, wato fetur.

Babban mai garkar albasa a nan shi ne Alhaji Halidu. Inda ya kai injinsa, can kowa ke kai nasa. Wata Lahadi da hantsi injinsa ya tsaya, Halidu ya ɗoro shi a amalanken jaki ya zo har tagar majami'a, ana tsakiyar wa'azi.

"Malam Barmo! Inji ya mutu, taso!"

"Alhaji, ka ba ni awa guda."

"Awa guda? Albasa ta san Lahadi ne?"

Gida tara suka zuba wa Barmo ido. Ya ci gaba da karatunsa. Halidu ya juya jaki ya nufi Buza, ya yi kwana biyu kafin a duba masa, gefe guda na garkar ya kwanta. Ya rantse shi da yaron nan har abada. Kwana goma ba wanda ya ajiye ko ƙusa a gindin bedi. Asiya ta wanke masa tufafi ta fara ɗaure jaka.

Ya same ni ina tsintar wake ya ce, "Inna, na yi laifi?"

Na ce, "Ban sani ba. Na dai san gaskiya ba ta shiga tukunya."

Mu nan ba mu da masallacin Juma'a, sai Karofane. Maza na kashe injuna tun hantsi su tafi, ba su dawowa sai bayan la'asar, garake su wuni da ƙishi. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin asara. Ran Juma'ar da ta biyo Barmo ya ɗauki hauya da makullansa ya gangara garkar Halidu. Ya kwance injin da aka yi wa gyaran ganin ido a Buza, ya wanke, ya tayar. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana buɗe ruwa yana toshewa.

Halidu ya dawo cikin babbar riga ya tarar da garka ta sha ta ƙoshi, da fasto cikin laka har gwiwa.

"Kai, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Alhaji. Kai kana da Juma'a, ni ina da Lahadi. Albasa ce ba ta da ko ɗaya."

Waɗanda ke wurin sun ce Halidu ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa. Ya ce, "Ɗan banzan yaro! To kowace Juma'a garakenmu naka ne. Ran Lahadi kuma duk wanda ya leƙa tagarka kafin gangar majami'a ta yi shiru, ni zai gani."

Shekara shida ke nan. Ran Juma'a Barmo na zagaya garake, ya ba da ruwa, ya duba injuna. Da yake ya duba su, da wuya wani ya mutu ran Lahadi. Lokacin cirar albasa kowa na aiko masa da buhunsa ban da ladan gyara. Fastoci biyu matasa daga wajen Keita sun zo sun zauna a buhun nan nasa na gindin bedi suna koyo.

Kada a ce na yabe shi da yawa. Warin esans yake ko ya yi wanka, shafukan Littafinsa duk tambarin baƙin yatsa ne, kuma mutanensa sun ce awa gudar nan tasa ba ta taɓa tsayawa a awa guda ba. Amma majami'a a buɗe take. Jakar nan Asiya ta kwance ta, yanzu irin albasa take ajiyewa a ciki. Turminta kuwa tun da sassafe yake hana ni sakewa.