Harsashin Orval da Injin Niƙan Wanda

A tsaunukan kudancin Ohio, in ka ga jiƙaƙƙun jaridu jibge bayan gida duk sun sha huji, ka iso gidan Orval Stuckey. Kanikancin tarakta ne sana'arsa, amma ciwonsa harsashi. Da libarba yake farautar barewa, shi ke narka dalmarsa ya ƙera harsashi, ya gwada harbi a kan jaridun da ya jiƙa a bahon wankan matarsa Wanda.

Shekara goma sha tara burinsa ɗaya: ya ciro harsashinsa daga jikin barewa, ya auna nauyinsa a gaban Merle, yayan Wanda, mai cewa harsasan Orval da sun daki ƙashi sai su ruguje kamar biskit. Abin haushi, barewa kan faɗi, harsashin kuwa ya fasa ta ɗaya gefen ya bi daji. Nama cike da firji, shaida babu.

Bara aka dace. Ya kayar da wani namiji, ya juya shi, ƙofar shigar harsashi kawai, babu ta fita.

"Yana ciki! Wanda, kar a taɓa min naman nan!"

Ya rataye shi a gareji, kwana biyu yana laluben kafaɗa da yatsa kamar mai neman ƙwandala a aljihu. Gari kuma ya yi ɗumi.

"Kai tsoho, nama zai yi wari."

"Haƙuri dai, uwargida, Merle zai zo Lahadi."

"To Merle ɗin za mu ci da sanyin bana?"

Ran Asabar ya leƙa wani gyara. Wanda ta sauke kafaɗar, ta yanka, ta zuba a injin niƙa. Can sai wata ƙara! Inji ya shaƙe.

Lahadi Orval ya juye abin da ya tsinto daga injin a faranti: gutsuren dalma huɗu, haɗe da kitse. Merle ya gyara tabarau.

"Suruki, wannan harsashi ne ko tsakin kaji?"

"Inji ne ya tauna shi!"

"Ko ƙashi. Wa ya gani?"

Orval ya dubi Wanda, ko za ta cece shi. Tana ta zuba soyayyen nama, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni dai injina na sani," ta ce. "Ku ci, yana hucewa."