Man Shanun Janar

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gidana nan Tumfure, bayan garin Gombe, sai ƙamshin man shanu da ake soyawa da albasa ya tsallako katanga daga maƙwabta. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gangaro mini zuwa gwiwar hannu ban sani ba. Duk inda na ji ƙamshin nan sai ya mayar da ni gidanmu na Kagarawal, ina 'yar shekara tara, na durƙusa gaban murhun kakata ina riƙe mata gora tana tsiyaya mai a ciki. Man nan ba na tuwonmu ba ne, ko lasa ba a bari mu yi. Na shugaban ƙasa ne.

Na san za ku yi dariya. Ku yi, mu ma mun yi daga baya, amma ku bari in gaya muku yadda aka yi.

Kakata, wadda duk gidan muke kira Dada, 'ya'ya maza biyu Allah ya bar mata: babana da ƙanensa, baffana. Babana yana aiki a gidan gurzar auduga, baffa kuwa shi ke noma gonarmu ta bayan gari. Da yaƙin basasa ya yi zafi aka yi shelar ɗaukar soja, sai baffa ya bi samarin unguwa ya shiga, wata bakwai kacal bayan aurensa. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. Da aka gama yaƙi jirgin ƙasa ya riƙa sauke sojoji a tasha, wasu da ƙafafunsu, wasu da sanda. Mun yi sintirin tashar nan har masu tallan rake suka san mu, amma baffa bai sauko ba. Babana ya bi bariki-bariki yana tambaya. Wani ya ce ya gan shi a bakin wani babban kogi, wani ya ce a asibiti, kuma babu takardar da ta ce ya mutu ko yana raye.

Dattawan unguwa suka ba da shawara a yi masa sadaka. A wajenmu in mutum ya rasu sai a jiƙa gero a daka gumba, a toya waina, a raba wa jama'a su yi masa addu'a, matarsa ta yi takaba, in ta gama ta san inda dare ya yi mata. Dada ta ce atafau ba a gidanta ba. Ina jin muryarta har yanzu, ba ta ɗaga ta ba ma:

"Wanda ya kira shi ya san inda ya kai shi. Ba a jiƙa gero sai na ji daga bakinsa."

Wanda take nufi shi ne Janar, sojan da ke mulkin ƙasa, wanda ya ja yaƙin har aka ci. Hotonsa na jikin kalanda yana rataye a zaurenmu, matashi ne fes da shi, yana murmushi kamar bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Babana yana son mutumin nan ba kaɗan ba. Yakan ce duk wanda ya ci yaƙi ya hana a yi ramuwa, ya ce waɗanda aka yaƙa jiya 'yan'uwa ne yau, to ya cika namiji. Hujjarsa kullum ita ce mai sayar da kayan keke na bakin kasuwa, wanda ya gudu kudu kafin yaƙi, ya dawo ya buɗe shagonsa ba wanda ya ce masa kanzil. Dada ta riƙe wannan magana gam. Ta ce mai tausayin abokan gaba ba zai rasa tausayin tsohuwa ba.

Ni ce magatakardarta, don ina aji uku kuma ba ta son mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya ya ji sirrin gida. Takan zaunar da ni a kan tabarma ta ce, "Ke sarkin surutu, yau bakinki ya huta, hannu ya yi aiki." Sai ta fara da gaisuwa, ta tambayi Janar gajiyar yaƙi, da lafiyar iyali, da yadda ruwa ya yi a wajensu, sai na cika rabin takarda ba mu zo kan magana ba. Sa'an nan ta kwatanta masa ɗanta: dogo ne, yana da wushirya, akwai tabon lauje a bayan hannunsa na hagu, kuma ba ya cin miyar kuɓewa ko za a kashe shi. Da na ce mata Janar ba ruwansa da miyar kuɓewa, ta ce masu dafa wa soja abinci ai za su gane shi da haka.

Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, wannan ita ce ƙa'idar Dada. Don haka kowace damina, lokacin da nono ya yi yawa, 'yan'uwanta na ruga sukan kawo mata man shanu mai kyau, ta soya shi da albasa don kada ya lalace a hanya, ta cika gora, ta toshe bakin da ɓawon masara, ta naɗe da sabon ƙyalle. Manzonta kuwa maƙwabcinmu ne, wani Batangale mai duba tikiti a jirgin ƙasa, mutum mai kunya da ladabi. Lissafin Dada mai sauƙi ne: jirgi yana zuwa Ikko, shi kuma kullum yana cikin jirgi, ga shi Kirista kamar Janar, to ran Lahadi ai dole su haɗu a coci. Ranar farko na ga ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskarta, ya dubi babana, sai ya cire hula ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. In ya dawo daga tafiya yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce an kai, ba ya ƙara komai.

Shekarun nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, har mu yara mun ga alama. Aka canza fam da sule zuwa naira da kwabo, aka mayar da tuƙi hannun dama, direbobi suka yi ta ruɗewa a shataletale muna yi musu dariya. Aka shimfiɗa kwalta, aka gina makarantu, rediyo ya shiga kusan kowane gida. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, babura suka cika gari, masu gishiri da sukari su ma suka ƙara nasu, har uwata ta ce ƙarin a kasuwa ya sauka, ba a gida ba. Samari suka bar gona suka bi 'yan kwangila. Manyan motocin auduga da a da suke yin layi tun daga ƙofar gidan gurza har titi suka fara raguwa, babana yakan dawo da wuri, babu farin auduga a gashinsa. Duk da haka in aka soki Janar a zaure sai ya ce shi mutumin kirki ne, na kusa da shi ne ɓarayi. Wani abokinsa ya taɓa tambayarsa wa ya ajiye su kusa da shi ɗin, babana ya shiga gyara eriyar rediyo.

Akwai wadda duk wannan hayaniya ba ta shafa ba, matar baffa. Amarya muke ce mata tun ranar da aka kawo ta, sunan ya bi ta shekara da shekaru, har ya zama in na kira ta da shi sai in ji nauyi. Ba ta da aure, ba ta kuma fita daga aure. Ba ta ƙunshi, ba ta zuwa biki, sa'o'inta suna goyon na uku ita tana ɗinkin hula a ƙofar ɗaki. Mahaifinta ya zo sau biyu ya ce a je gaban alƙali a warware mata, ta ce tana jin kunyar Dada, ba za ta zama ita ce ta fara cewa ya mutu ba. Ina son Dada kamar raina, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na ji haushinta ƙwarai saboda baiwar Allahn nan.

Shekarar da aka yi ƙidaya, malamin ƙirga ya shigo gidanmu da soja ɗaya yana rakiyarsa, suna shafa wa kowa tawada a babban yatsa. Da suka gama Dada ta ce saura mutum ɗaya. Malamin ya ce doka ta ce sai wanda ido ya gani. Sai ta juya wajen sojan ta ce masa ai ɗana naku ne, yana wajenku, ku ƙirga shi can in ba za ku ƙirga shi nan ba. Sojan yaro ne, ya sunkuyar da kai ya ce to, Mama. Da sakamako ya fito aka yi ta rigima a kansa a rediyo, babana ya yi wata dariya marar daɗi ya ce masu rai ma sun gagara ƙirguwa. Dada ta yi kamar ba ta ji ba.

Abin da ya karya wa babana gwiwa shi ne ranar da Janar ya fito ya ce lokacin da ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula ba zai yiwu ba. A lokacin ana ta labarin gwamnoni sun zama sarakuna, jiragen ruwa cike da siminti sun yi cirko-cirko a teku sun rasa wurin sauke kaya. Babana bai sauke hoton ba, sai dai ya daina share masa ƙura. Ni na ci gaba da rubuta wasiƙa, har gora biyar suka tafi.

Ta shida tana cike, an naɗe ta, tana jiran jirgin Alhamis, sai wata safiya cikin damina rediyo ya kama kiɗan soja. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk taɓo. Babana ya fito da rediyon a hannu ya ce an hamɓarar da Janar yana can wata ƙasa wajen taro, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A titi har akwai masu murna. Dada ta tambaya ko sabon shugaban ya san inda aka kai yaran, babana ya juya ya koma zaure da rediyonsa.

Da la'asar maƙwabcinmu ya yi sallama. Bai tsaya bakin ƙofa ba wannan karon, ya shigo ya durƙusa a cikin taɓon nan da wandonsa na aiki. Ya ce yana da laifi. Aikinsa a Kafanchan yake ƙarewa, nan yake sauka ya biyo wani jirgin ya dawo, bai taɓa ganin Ikko da idonsa ba, balle Janar. Wasiƙun yana manna musu kan sarki ya jefa a gidan waya. Man shanun kuwa ya kasa ci, ya kasa sayarwa, ya kasa dawo da shi. Akwai tsofaffin sojoji da ke zama a inuwar tashar can, masu dungu da makafi waɗanda yaƙi ya tauye, su yake ba. Yakan ce musu wata uwa ce ta aiko daga Gombe, ɗanta bai dawo ba, su kuma kowa ya yi addu'a irin ta addininsa.

Na zaci Dada za ta yi faɗa, don ta iya. Ta daɗe tana kallon gorar da ke gefenta. Can ta ce:

"Suna ci?"

"Suna ci, Dada. Har tambayata suke in damina ta yi."

"To, ashe shekara biyar ina yi masa sadaka ban sani ba."

Ta tura masa gorar ta ce wannan ma ya kai musu. Sa'an nan ta kira Amarya, ba da wannan sunan ba, ta ce 'yata, ta kama hannunta ta roƙe ta gafara a gaban kowa. Ta ce wa uwata a jiƙa gero. Sai da aka fara daka washegari, Dada ta ji ƙarar taɓarya, sa'an nan ta shiga ɗaki ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da jirgin farko ya sauke sojoji. Matar baffa ta yi takabarta, bayan shekara ta yi aure a unguwar Manawashi, ta haifi 'ya'ya huɗu, kuma har Dada ta rasu ba ta fasa aiko mata da abincin salla ba.

Yanzu jikokina suna karanta labarin Janar a makaranta, sukan tambaye ni ko ya yi mulki mai kyau tunda na ga zamaninsa. Nakan ce musu ya kashe wutar yaƙi bai bar ta ta ci sauran gida ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babana ya tafi kabari yana yaba masa a kai. Amma kuɗi ya zo masa fiye da yadda ya iya riƙewa, ya kasa tsawata wa nasa, kuma cikin duk arzikin nan ba a sami mai ɗaukar alƙalami ya rubuta wa wata tsohuwa layi biyu ba. Ba na jin haushinsa yanzu. Kewa kawai nake ji, ta zaurenmu, da kukan jirgi in ya doso gari, da mutanen da suka yarda cewa in ka gai da shugaba da ladabi zai amsa.

Gonakin da ke kewaye da Tumfure gidaje suna cinye su ɗaya bayan ɗaya, tashar jirgi ciyawa ta rufe dogo, gidan Kagarawal ma an raba an sayar. Na haura sittin, na san sarai baffa ba zai dawo ba, ni da hannuna na raba gumbarsa. Amma tafiya daga nan zuwa cikin gari a keke mai ƙafa uku tana da nisa, kuma duk ranar da na shiga na tarar da dogon tsoho a zaune, kafin in gaishe shi idona ya riga ya kai bayan hannunsa na hagu.