Kabewar Gwaggo a Kan Bene

Kano zuwa Kwanar Ɗangora

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita, ranar Asabar, bazara ta kai inda ta kai. Na bar mahaifina zaune a baranda yana fifita. Wata biyu ke nan da muka ɗauko Baba daga Kiru saboda ciwon ƙoda, likita kuma ya ce sai ana ganinsa duk mako. To, gidan da nake haya hawa na uku ne, rufin kankare. Rana ta wuni tana dafa shi, shi kuma ya dafa mu. Baba ya ce in zafin nan bai sauka ba gida zai koma, asibiti ya riƙe maganinsa. Kuma Baba ba ya magana biyu.

Wani maƙwabcina magini ya ba ni shawara. Ya ce a manyan birane ana shimfiɗa leda a rufi, a zuba ƙasa mara nauyi, a dasa ciyawa. Ɗaki ya yi sanyi, ruwan sama kuma ciyawar ta shanye shi maimakon ya cika kwata. Mai gidan ya yarda. Saura kayan haɗi, su na fita nema. Na hau bas a Unguwa Uku shida da kwata, muka wuce kwanar Bebeji, bakwai da rabi ina shan koko da ƙosai a Kwanar Ɗangora.

Tudun Wada

Tara saura muka iso. Na nufi injin casar shinkafa, na ce a cika mini buhu huɗu na ɓuntu.

"Malam, kaji gare ka?" in ji mai injin.

"A'a, rufin bene zan noma."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ko sisi bai karɓa ba, ina jin tausayina ya ji. Na bar buhunan a wurinsa sai na dawo.

Falgore

Motar Doguwa ta sauke ni bakin daji sha ɗaya da rabi, bayan mun tsaya shinge biyu. Ɗan achaɓa ya kai ni wata ruga, tafiyar minti ashirin a kan hanyar shanu. Ardon ya ba ni kindirmo mai sanyi, ya sa aka tara mini busasshen taki, ya nuna mini wata ciyawa mai yaɗo a bakin rafi. Na cika buhu da ita har da saiwa, ina ji da kaina.

Kiru

Bayan la'asar na sauka gidan Gwaggo Habi, ƙanwar Baba, da buhunana shida. Ta zubo tuwon dawa miyar kuka, ni kuma na zage ina ba ta labarin dabarata. Sai ta ajiye ludayi.

"Sabi'u, ƙasa za ka zuba a kan Yaya? Ciyawa ta tsiro a kansa? Yana da ransa?"

Na mayar da lomar cikin kwano. Ta ci gaba:

"Kai ɗan nan, mu ko a kan soro ciyawa ta fito, kafin damina muke tuge ta, kada a ce gidan ya zama kango. Balle mara lafiya. Ran da ya ji, ran nan zai hau mota."

Wallahi kunya ta kama ni, da tsoro. Na yi lissafin nauyi da ruwa da rana, ban yi lissafin zuciyar tsoho ba. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma, irin kabewa ne cuɗe da toka.

"Haɗa takinka da ɓuntun a buhu, ka jera can gefe, inda ba saitin ɗakinsa ba. Ganyen zai bi rufin da kansa. Inuwa kake so, ba kushewa ba."

Ciyawar Falgore kuwa, awakinta suka yi buki.

Gida

Lahadi ƙarfe biyu na rana na iso. Na tsugunna na gaishe da Baba, na kwance ƙullin a gabansa. Ya ɗauki ƙwara ɗaya ya juya ta, ya ce:

"Irin bayan gidanmu ne. Wa zai shuka?"

"Ni, Baba."

"Kai?"

Da rana ta yi sanyi ya ce a hau da shi. Matakala goma sha huɗu, sau biyu muna hutawa. Ya sa ƙwara uku-uku a kowane buhu da yatsansa, ya rufe, ya ce kada a shayar da ita da tsakar rana. Sannan ya zauna yana haki.

"Wata huɗu take yi kafin ta nuna. Ba zan bar maka ita ka kashe ba. Ranar Talata ƙarfe nawa ne asibitin?"

Na ce takwas, na kau da kai don kada ya ga idona. Allah na gode maka da ka kai ni ka dawo da ni lafiya. Gwaggo, Allah ya saka da alheri.