Teburin da Auta Ya Kawo

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Funtua da Malumfashi ya san abin da hakan ke nufi. Uwarka ba za ta faɗi sunanka ba. Ba za ta dube ka ido da ido ba, ba za ta yi maka magana a gaban mutane ba, in ka miƙa mata abu sai ta kau da kai wani ya karɓa. Kunya ake ce wa wannan, har yabon mace ake yi da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Funtua. Can na girma, can na fara leburanci a kamfanin gurzar auduga. Matar da ta haife ni kuwa, wadda nake kira Inna kamar yadda ƙannena ke kiranta, in ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "wancan na Funtua", sai ka ce wani buhu da aka manta a tasha.

Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, kafin a fara yaƙin basasa. Da bazara aikin auduga ya ƙare aka sallame mu, na hau mota na tafi gida don in taya sharar gona. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙannena mata duk sun yi aure. Gidan ya rage daga Inna sai autanmu, saurayi ƙato mai son gyaran hula da ƙin rana, sai gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a nata sashen.

Inna daddawa take sayarwa a gindin durumin ƙofar gida. Surfe da dakan kalwa na shekara da shekaru sun gama da bayanta. Tana zaune a 'yar kujera, faifan daddawar yana ƙasa, duk wanda ya zo saye sai ta sunkuya ta ɗauko, in za ta ɗago sai ta dafa gwiwa tana cije leɓe. Wata rana ina zaune a bakin zaure akuya ta zo ta sa kai a faifan ta kifar da shi. Na zabura zan tattara mata. Tana ganin ni ne sai ta juya wa faifan baya ta shiga ƙwala wa auta kira, shi kuwa yana can dandali. Haka daddawar ta zauna cikin ƙasa har wata yarinya ta zo wucewa ta tsince. Ina tsaye kamar gunki, hannuna biyu lafiya lau.

A ranar na ce sai na yi mata tebur. In ba za ta karɓi hannuna ba, ai ta karɓi katako. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai abin da nake so bayan sauƙin bayanta. Ina so sau ɗaya a duniya a ga abin da na yi a gabanta tana amfani da shi, ko da ba za ta ce uffan ba.

Ni ba kafinta ba ne, na dai sha tsayawa ina kallon masu gyaran akwatuna a wurin aikinmu. Katako kuwa ba saye na yi ba. A bayan rumbu akwai tsohuwar amalanken shanu ta mahaifinmu, ƙafarta ta karye tun yana da rai, kaji sun mayar da ita wurin kwana. Na ɓaɓɓare allunan jikinta. Mafi yawa gara ta cinye cikinsu, ka danna da yatsa ya burma, amma na sami 'yan masu rai waɗanda iska da rana suka busar suka yi tauri. Ƙafafu kuma na zaro azara daga tsohon soron da ya rushe, don azara ko gara tana shakkarta. Ƙusoshin amalanken na ciccire su ɗaya bayan ɗaya, na miƙar da su a kan dutse, masu tsatsa na goge su da yashi. Na ari zarto da gizago da guduma a wurin masassaƙin garinmu, wanda ya bi ni da kallo yana cewa Allah ya sa kada in dawo masa da yatsuna a aljihu.

Awo ne ya fara ba ni haushi. Wani ɗan sai ya ce, "Inna, zauna in gwada," a gama. Ni sai da na jira ta shiga sallar azahar, na lallaɓa kamar ɓarawo na gwada kujerarta da karan dawa, na ƙara taƙi guda da 'yar ɗoriya, yadda hannunta zai kai ba tare da ta sunkuya ba.

Azara kuwa, wanda bai taɓa aikinta ba kada ya ce ya san wahala. Zarto ya shiga sai ya tsaya yana kuka. Sartsenta baƙi ne siriri, ya shige tafin hannu ya ƙi fita sai ya yi ruwa. Na buga ƙusa ta lanƙwashe, na miƙar na sake bugawa ta sake lanƙwashewa, na yi jifa da gudumar har ta kusa samun zakara. Daga baya na gane sai an hura wuta an soya ƙarfe ya yi ja, a huda ramin da shi, sannan ƙusa ta bi. Da na haɗa teburin na tsayar da shi sai ga shi yana rawa. Na rage ƙafa ɗaya, wata ta zama doguwa. Na rage ita ma, ya koma rawa ta wancan gefen. Wallahi saura kaɗan in faskara shi in ba gwaggo ta dafa tuwo. Ashe ƙasar bayan rumbun ce ba daidai ba, ni kuma ina ta cin ƙafafun bayin Allah.

Da ya tsaya da gindinsa sai na koma kan fuskarsa. Na fasa kwalba na kankare allunan da bakinta har tsohon dattin ya fita, jan katakon ya bayyana. Na goge da yashi da tsumma. Na kewaye gefensa da siririn katako don kada faifai ya zame ko akuya ta ture. Ƙafafun na shafe su da baƙin mai da na roƙa a wurin wani direba, saboda gara da damshin damina. Saman kuma man kaɗanya na narkar a rana na yi ta murza masa, ya shanye in ƙara, har ya yi sheƙi. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ramukan tsofaffin ƙusoshi suna nan, allo ɗaya ya fi sauran duhu. Amma ka zauna a kansa ba zai ce ƙis ba.

Da safe na kai shi gindin durumi na ajiye daidai gaban kujerarta, na koma bakin zaure na zauna. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya suna shafa shi. Wata ta ce, "Ikon Allah, tebur kamar na ofis! Wa ya yi?" Wata ta ce, "Ai ɗanta ne na Funtua, kwana nawa yana fama a bayan rumbu."

Inna ta fito da faifanta. Ta dubi teburin kamar yadda ake duban kututture a hanya. Ta ja kujerarta gefe, ta ajiye faifan a ƙasa, a ƙasa dai, kusa da ƙafar teburin, ta ce wa iska, "Wa ya bar kayansa a nan? A gaya wa mai shi ya kwashe kada yara su yi tuntuɓe."

Matan nan suka kwashe da dariyar jin daɗi. "Kun ga matan da! Ina ake samun irinsu yanzu?" Yabonta suke yi. Ni ina zaune hannuna duk sartse, ana yabon uwata don ta wulaƙanta ni da kyau.

Na cika fam. Na faɗa sashen gwaggo ko sallamar kirki ban yi ba, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Tana kaɗi, ba ta ko tsayar da mazarinta ba.

Ta ce, "Kai ma dai da wauta, ɗan nan. Wa ya gaya maka haka ake yi? Ka kai abu tsirara gaban jama'a, ka zauna kana jira ta ɗora kaya a kai? So kake a yi da ita a bakin rijiya, a ce ta tsufa ta zubar da kunya, tana rawar kai da abin ɗan fari? Ai da auta ka ba ya kai, a ce shi ya samo, da yanzu tana kai."

Na ce, "Auta? Auta da bai san kan ƙusa da gindinta ba? Gwaggo, ni na sha sartse!"

"To an ji ka sha. Ita tebur take bukata ko sunanka?"

Maganar nan ta ƙara tunzura ni. Na ce sai dai gara ta cinye shi a inda yake, in ta iya. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta sa mutum ya zaɓi ciwo a kan abin hannun ɗansa? Ni na roƙa a haife ni farko? Gwaggo ta ce in tashi in ba ta wuri, ina tare mata haske.

Haka teburin ya zauna a gindin durumi kwana da kwanaki. Kaji suka hau suka yi abin da suka saba. Yara suka mayar da shi ganga. Inna tana gefensa kullum, tana sunkuyawa tana ɗagowa, ni ina bakin zaure ina kallo ina haɗiye zuciya. Taurin kai dai a wurinta na gado shi, ba wanda zai gaya mini.

Ran nan da hantsi wani mutum ya zo sayen daddawa. Ta sunkuya, sai ta kasa ɗagowa. Bayanta ya riƙe. Ta tsaya a lanƙwashe, hannu ɗaya a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana salati ƙasa-ƙasa. Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na kai hannu zan tallafe ta. A cikin wannan azabar, jama'a, matar nan ta sami ƙarfin da ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce wa mai sayen daddawa, "Malam, ce masa ya matsa. A kira matan maƙwabta."

Na matsa. Me zan yi? Na tsaya ina kallo har maƙwabta suka zo suka ciccíɓe ta suka shiga da ita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban san wa zan kama da faɗa ba. Ita? Matan da ke yabonta? Kakannin da suka ƙirƙiro abin suka mutu suka bar mu da shi?

Da la'asar na ɗauke teburin na mayar bayan rumbu. Na wanke kashin kajin, na sake kankarewa. Na soya ƙarfe na zana masa ado a gefe irin wanda ake yi wa ƙwarya, don ya canja kama ko yaya. Ba don a ruɗi kowa ba, garin nan kaf ba wanda bai san teburin ba. Gwaggo ta ce ba a bukatar kowa ya yarda, abin da ake so kawai a sami abin faɗa.

Da Inna ta sami sauƙi ta fara fitowa, ranar kasuwa ta zagayo, na kira auta na gaya masa yadda za a yi. Ya dubi teburin ya ce, "Yaya, ai abin nan da nauyi." Ni na ɗauko shi a kaina, na zagaya ta bayan gari, ta cikin gonaki, har bakin hanyar Malumfashi. Can na ɗora masa a ka, bayan ya cire hularsa ya ninke don kada ta lalace. Tafiyar da ya yi da shi ba ta fi daga nan zuwa masallaci ba. Na biyo shi daga nesa na laɓe a bayan dangar maƙwabta.

Ya sauke a gabanta yana nishi kamar wanda ya taho daga Kano a ƙasa. Ya ce, "Inna, ga wannan na samo miki a kasuwa, ki huta da sunkuyo."

Sai ga Inna ta washe baki. Ta shafa saman teburin da tafin hannunta, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗauki faifan ta ɗora, ta miƙa hannu ta ga ya kai daidai ba sunkuyo. Sannan ta kira sunan auta, ta sake kira, ta shiga sa masa albarka. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Yadda ka tausaya wa bayana Allah ya tausaya maka, ya raba ka da wahalar duniya da ta lahira. Matan da ke wurin suna amsawa da amin, auta yana sunkuyar da kai yana murmushi, har da cewa ai ba komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan teburin nan ta yi ta sayar da daddawarta har ƙarfinta ya ƙare, bayanta kuma bai sake riƙewa irin na ranar ba. Wannan na gode wa Allah. Amma kada wanda ya zo ya ce mini in yi haƙuri wai haka al'ada take. Gwaggo ta sha gaya mini, har ta bar duniya tana gaya mini, cewa albarkar nan duk tawa ce, Inna ta san wanda ya yi, kowa ma ya sani. To, ina tsaye a bayan dangar nan da kunnuwana biyu, na saurara tun daga farko har amin ta ƙarshe. Sunan auta na ji.