Filozofi da Ƙwarya Uku ta Iri

Shekarar da ruwa ya ƙi mu karo na biyu, ɗan ƙanwata ya dawo Matameye daga iniversite, wato jami'a, domin sojoji sun ce ɗalibai su je gida su huce. Ya zo da kaye da bik na rubutu da tambaya guda: wai mu baƙar fata muna da filozofi ko ba mu da ita? Ni da na yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, ai ni ne masanin gidan. Na ce ya warware mini. Ya ce tunani ne a kan yadda mutum ya san abin da ya sani, amma malamansa sun rabu, wasu sun ce sai an rubuta, wasu sun ce gardama ta isa.

Na ce, "In gardama ce ka zo gidanta, sai dai ba yau ba."

Abin da ya rage mana a rumbu hatsin iri ne ƙwarya uku, ni kuwa binne nake so in yi, in zuba shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Zama ya gagare ni. In fita bayan gari in dubi gabas, in dawo in leƙa rumbu, in sake fita. Aka ce an yi yayyafi a Dungu, na taka har bakin hanya ina tsayar da masu jakai. Yunwa kuwa a lokacin ba a kiran sunanta da ƙarfi, jandarma na jin Hausa.

Maiɗakina ta tsare bakin rumbu.

"Malam, wa ya ce maka za a yi ruwa?"

"Gawo ya fara zubar da ganye."

"Bara ma ya zubar."

"Mahaifina binne yake yi."

"Shi rumbu uku gare shi. In yayyafi ya taɓa irin nan ya tsiro ya bushe, me za ka sake shukawa? Hularka?"

Ɗalibin namu rubutu yake. Ya ce, "Inna, ke kuma yaya kika san ba za a yi ba?"

"Ban sani ba. Kawunka ma bai sani ba. Ni dai na faɗa, shi ya ƙi faɗa."

Ya ce wallahi filozofi ce wannan, tsantsarta. Na ce to ya rubuta cewa ni na jawo maganar, kada littafi ya fita da kuskure.

Kwana uku muna ja. A na huɗu ta ɗebi ƙwarya guda, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Sauran biyun na binne su.

Yayyafi ya zo rana ta tara. Gona ta yi kore kamar ido zai ci, ina yawo cikinta ina gaishe da mutanen da ban saba gaisarwa ba. Rana ta ƙone ta cikin mako guda.

Da ruwan gaske ya sauka, na je ƙofar ɗakinta na yi sallama sau biyu, ni da gidana. Ta fasa lakar bakin tulun. Irin bai kai rabin gona ba. Ni ina gaba da sungumi ina sara, ita tana bayana tana jefa iri, ba ta yarda ya taɓa hannuna ba.