Hanne Mai Wanka da 'Yar Farinta

A Balan, idan mace ta rasu, Hanne ake aika wa. Wurin kakarta ta gaji wankan gawa, ta kuma gaji kame baki: abin da ta gani a bayan labule, nan take barinsa.

Ranar da ta wanke Khairiyya, 'yar malamin firamare, shirun ya yi mata nauyi. Yarinyar ba ta jima da fara al'ada ba. Ciwon mara ya kama ta, ta ɓoye, ta riƙa sayen ƙwaya a hannun mai talla ran kasuwar Ajingi, har abin ya ci jikinta. Uwar ba ta sani ba. Khairiyya 'yar fari ce, uwa kuwa ko sunan 'yar fari ba ta kira, balle su zauna maganar abin da zane ya rufe.

Hanne ma tana da tata 'yar farin, Rumaisa, sa'ar marigayiyar. Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta ga yarinyar ta dafe ƙugu wajen daka, ta buɗe baki za ta tambaya, harshe ya ƙi.

Sai ta shiga gari. Ta bi ta hannun matar liman ta nemi a tara iyaye mata a yi musu bayani, liman ya ce tsarki da lafiya ilimi ne, a yi, amma mata zalla. Ta hau babur zuwa Gaya ta roƙo wata ma'aikaciyar jinya. Ta bi gida-gida, mata na ganinta a bakin zaure sai su fara salati.

"Wa ya rasu, Hanne?"

"Babu. Shi ya sa na zo da wuri."

A tsakar gidan liman aka taru. Ma'aikaciyar ta yi bayanin al'ada, da ƙaiƙayi, da ciwon da ba a jinkiri da shi, mata suna toshe baki da mayafi. Gaji mai koko, ƙawar Hanne tun suna 'yan mata, ta kasa haƙuri.

"Malama, mun ji. Amma ni in dubi idon 'yar farina in faɗi wannan? Gara ƙasa ta tsage in shige!"

"To ba ni ita," in ji Hanne. "Ke ki karɓi tawa."

"Mai wankan gawa zan miƙa wa 'yata? Allah ya tsare!"

"Gara ki kawo min ita tana tafiya da ƙafarta."

Dariyar da aka fara ta tsaya. Can sai wata ta taɓa ta kusa da ita, aka shiga zaɓe, kowace uwa tana neman wadda ta yarda da bakinta ta miƙa mata 'yarta.

Da la'asar Gaji ta zo ta ja Rumaisa cikin ɗaki ta saki labule. Hanne ta kasa zama. Ta je bakin rijiya ta dawo ba guga, ta kwance akuya ta sake ɗaure ta. An daɗe kafin Gaji ta fito, fuskarta ba wasa.

"Tun damina take fama, ta rasa wa za ta gaya wa. Ina jin bai yi nisa ba. Gobe sai mu kai ta asibiti."

Hanne ta riga ta zaro mayafi daga kan igiya.

"Gobe kuma? Leƙa ki tsayar mana da mai babur."